Shirun Kwamfutar Ofishin Ruwa

Ina ɗan shekara shida ƙyanda ta tafi da idanuna. Duk abin da na sani na Kura da Bunkure da kunne na san shi, da tafin ƙafa, da hanci. Na san inda kwalta take ƙarewa in an sauka daga mota. Na san yadda ƙarar ruwa take canjawa idan an ɗaga ƙofar babban kanal. Alkama ma nakan san ta nuna tun ba a faɗa mini ba, domin in iska ta ratsa ta sai ka ji wani kaushi da babu shi sa'ad da take ɗanya.

A makarantar makafi na koyi rubutunmu na huda takarda, na kuma koyi buga tafireta. Da tafiretar na samu aiki a ofishin da yake kula da rabon ruwan noman rani, a farkon shekarun tamanin. Aikina wasiƙu ne da jadawali: wane yanki za a sakar wa ruwa ranar kaza, wace ƙofa za a rufe don gyara. Akawu ya karanto mini, ni in buga. Na yi shekaru a haka ba tare da na sa wa raina wani abu daban ba.

Wajen ƙarshen shekarun aka kawo kwamfuta. Wani injiniya Bature da ya zo aikin shekara biyu shi ya girke ta a teburin da yake kusa da nawa. Mutum ne mai yawan tsayawa a bayana in ina bugu, abin da ya dame ni da farko, don ina jin numfashinsa a ƙeyata. Ashe yana da ƙanwa makauniya a ƙasarsu, wadda take aiki da irin wannan na'ura. Da ya je hutu ya dawo, sai ya zo da wani ɗan akwati da bai fi burodi girma ba. Ya haɗa shi da kwamfutar da waya, ya sa faifai, ya kama yatsana ya ɗora a kan wani maɓalli ya ce in danna. Na danna. Akwatin ya faɗi sunan harafin.

Muryar ba daɗi gare ta ba. Kamar mutum ne ya toshe hanci yana magana a cikin garwa. Turanci kaɗai ta sani, sunayen ƙauyukanmu kuwa sai ta dagula su har mai garin ma ba zai gane garinsa ba. Manoman da suke zuwa tambayar ranar ruwa sukan tsaya a taga su roƙe ni in sa ta ce Bunkure, su yi ta dariya. Ni dai cikin wata guda kunnena ya saba da ita. Karon farko ke nan a rayuwata da nake iya komawa kan abin da na buga in ji shi da kaina, in gyara kuskure ba sai na jira wani mai ido ya sami sarari ba.

Kafin injiniyan ya koma gida ya zauna da ni yammaci uku. Ya kwance murfin kwamfutar, ya riƙa ɗora yatsuna a kan kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini aikin kowanne. Ya nuna mini akwatin wutar da yake can baya da fanka a jikinsa, ya ce wannan kada in taɓa buɗe shi ko da an zare waya. Sannan ya karanta mini babin matsaloli na littafin na'urar a kaset biyu, yana ƙara nasa bayanin a tsakani. Na kwafe muhimman wuraren da rubutun makafi, na ɗaure takardun da zare, na jefa a durowa. Fiye da shekara ban waiwaye su ba, domin babu abin da ya lalace.

A ofishin akwai wani dattijo masinja. Da can shi ne mai buɗe ƙofar ruwa a wani reshen kanal wajen Madobi, ya yi shekaru yana murza ƙarfe, har gwiwa ta hana shi hawa gaɓa aka dawo da shi ofis. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini Malam. Yana da karatun allo, yana rubuta ajami da kyau, amma harafin boko ko ɗaya bai sani ba. Lambobi kam ya san su sarai, saboda shekarun da ya yi yana duba ma'aunin ruwa. Bencinsa yana bakin ƙofar ɗakina, kuma da ƙamshin goro nake sanin yana nan.

A shekarar da nake ba da labari azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. An gama girbin alkama, ana shirin rufe kanal don yashewa, mu kuma muna haɗa jadawalin damina. Na'urar sanyaya ɗakinmu ta mutu tun kafin watan ya kama, ana ta jiran kayan gyara, saboda haka tagogi a buɗe suke wuni.

Wata rana bayan azahar ina cikin bugu, akwatin yana bina harafi-harafi, sai na danna wani maɓalli ban ji komai ba. Na sake dannawa. Shiru. Fankar kwamfutar tana juyawa, fankar sama ma tana juyawa, ke nan ba wuta aka ɗauke ba.

Mai ido in na'urarsa ta tsaya yana da gilashi a gabansa, ko ba komai yana ganin inda ta tsaya. Ni muryar nan ita ce gilashina. In ta yi shiru ban san abin da ya mutu ba. Ko akwatin ne, ko wayarsa ce ta saki, ko kwamfutar tana nan lafiya tana karɓar abin da nake bugawa ni ne ba na ji, ko kuwa ita ce gaba ɗaya ta sandare. Duk waɗannan a kunnena abu ɗaya ne. Na lalubi wayar na ji ta daram. Na kira akawu, ya leƙo ya ce rubutuna yana nan a gilashi amma ba ya motsi, ya miƙa hannu ya kashe ya kunna. Ta tashi lafiya. Aikin da na yi tun hantsi ya tafi.

Washegari ta sake. Bayan kwana biyu ta yi sau biyu a wuni ɗaya. Na koyi adana aiki a faifai duk bayan layi goma, amma jadawalin ya ƙi gaba, kuma manoma sun fara zuwa taga ba don dariya ba.

Shugaban ofis ya aika Kano aka zo da mai gyara. Da sassafe ya iso, ya kunna ta, ya sa faifansa na gwaji, ya zauna awa biyu yana jira. Ko tari ba ta yi ba. Da zai tafi ya ce shi bai ga matsala ba, amma in an tambaye shi, akwatin nan mai magana ba da shi aka ƙera na'urar ba, kuma irin waɗannan ƙare-ƙaren su suke rikita ta. Ya ba da shawara a cire. Ban ga laifinsa ba, don a abin da ya gani a safiyar nan babu wani abin zargi sai akwatin.

Shugabanmu mutum ne mai kunya. Ya kira ni ofishinsa, ya daɗe yana gaisuwa da tambayar iyali da yadda azumi yake, kafin ya ce yana ganin in ɗan koma kan tafireta, akawu ya riƙe kwamfutar, har a ga yadda za a yi. Na san in aka cire akwatin ba za a mayar ba. Ba mugunta za ta hana ba, mantuwa ce kawai irin ta ofis.

Na ce, "Yallaɓai, a ba ni mako guda. In na tabbatar akwatin ne, da hannuna zan cire shi."

Ya juya biro a kan tebur, sannan ya ce to, mako guda.

Ran nan da na koma gida ban iya cin abin kirki ba wajen shan ruwa. Matata ta lura, ta tambaya, na ba ta labari. Ita ba ta taɓa ganin kwamfutar ba, amma ta saurara har ƙarshe tana dama kunu. Sai ta tambaye ni da wane lokaci take yin haka. Na ce ba ta da lokaci. Ta ce a'a, ita dai duk ranar da na zo da wannan ƙorafi, cewa nake bayan azahar.

Ta ce, "Ko ita ma azumin ne yake kama ta?"

Muka yi dariya. Amma maganar ta zauna mini. Washegari na tafi da allon rubutuna da tsinkensa na ajiye kusa da maɓallan. Ina da agogon hannu mai murfi, irin wanda ake buɗewa a taɓa. Na ƙudura duk sa'ad da ta ɗauke zan huda lokacin, da abin da nake bugawa, da duk abin da kunnena ya ji a daidai wannan lokaci.

Zargina na farko wuta ce. Akwai injin casar shinkafa a bayan katangarmu, layinmu ɗaya da shi, kuma duk sa'ad da aka tayar da shi fankar sama takan yi sanyi na ɗan lokaci kafin ta dawo. Na ce lallai shi ne. Na kasa kunne wuni biyu. An tayar da injin da hantsi, fanka ta rage gudu, kwamfuta ta ci gaba da aikinta. Rana ta biyu ma injin bai yi aiki ba sam, bel ɗinsa ya tsinke, Baba ya jiyo mini labari. Duk da haka ƙarfe biyu da kwata kwamfutar ta ɗauke. Na soke wuta daga lissafi. A takardata lokutan sun jeru kusa da juna, babu wanda ya zo kafin ƙarfe ɗaya da rabi.

Saura akwatin, kuma gaskiya tsoron gwada shi nake yi. Idan na cire shi ta wuni lafiya, da kaina na yanke wa kaina hukunci. Na yi ta jan ƙafa har rana ta uku. Da safe na zare wayarsa, na ajiye faifansa a gefe, na tayar da kwamfutar babu murya. Na roƙi Baba ya jawo bencinsa ciki. Na ce masa akwai wani ɗan abu a gilashin da yake ƙyaftawa, yana tafiya gaba in na danna maɓalli, aikinsa kawai ya sa masa ido. Ya ce ya gan shi, kamar ƙwayar shinkafa a kwance.

Haka muka wuni. Ina buga tsofaffin wasiƙun da na haddace, ba don a aika ba, don dai na'urar ta yi aiki. Baba ba goro a bakinsa saboda azumi, lokaci-lokaci yana jan carbi. Muka je muka yi azahar muka dawo. Ɗakin ya yi zafi har rigata ta manne a bayana. Can sai ya taɓa mini kafaɗa.

"Malam, dakata. Shinkafar ta tsaya. Kana dannawa ba ta tafiya."

Na buɗe agogo, biyu da rabi ta gota kaɗan. Na sa hannu na tabbatar wayar akwatin tana nan a kan tebur inda na ajiye ta, ba a haɗe ba. Ban taɓa jin daɗin lalacewar wani abu kamar ranar ba. Na'urar ta mutu, amma ba akwatina ne ya kashe ta ba. Na faɗa wa shugaba kafin a tashi. Ya ce madalla, sai dai har yanzu ba mu san abin da yake damunta ba, kuma gaskiyarsa.

Rana ta huɗu aka yi rasuwa a gidan wani abokin aikinmu a Garun Malam. Bayan azahar ofis ya kwashe gaba ɗaya zuwa ta'aziyya a mota ɗaya, aka bar ni da Baba saboda ba wuri, da niyyar mu yi namu zuwan washegari. Na mayar da akwatin ina aiki. Lokacinta na yi, kwamfutar ta yi shiru. Na kai hannu zan kashe, sai Baba, wanda yanzu ya saba leƙowa, ya ce in tsaya. Ya ce yau ba kamar jiya ba ce. Rubutun duk ya goge, sai wani ɗan guntu a can sama ta hagu, da lamba ɗaya a gefensa na dama.

Na tuna injiniyan ya ce wani lokaci na'urar takan rubuta ciwonta kafin ta tsaya. Ga shi ta rubuta, ni ba na gani, wanda yake gani ba ya karantawa, masu karantawa suna Garun Malam. In na kashe, rubutun ya tafi. In na bar ta har su dawo, wuta tana iya ɗaukewa kafin nan, don ba ta cika kaiwa la'asar ba a kwanakin.

Na ce ya kwatanta mini haruffan. Ya fara: wannan sanda ce da ƙafa biyu a gefe, wannan kamar lauje, wannan kamar tsani mai mataki ɗaya. Wasu na gane, wasu suka rikice mini, don lauje a wurinsa yana iya zama harafi uku a wurina. A makaranta an taɓa ba mu manyan haruffan boko na katako muna shafawa don mu iya sa hannu a takarda, siffofinsu suna nan a kaina. Sai na miƙa masa tafin hannuna na ce ya zana mini da yatsa, ɗaya-ɗaya, yadda ya gan su.

Yatsansa kaushi gare shi kamar bawon itace. Ya riƙe wuyan hannuna da hagu, yana duban gilashi yana zanawa a hankali, in ya gama ɗaya sai ya shafe tafin da babban yatsa kamar mai wanke allo. Ni kuma ina hudawa a takarda. Da muka gama na shafa abin da na rubuta, ban ga kalma ba. Ba Turanci ba ne, ba komai ba ne. Muka sake daga farko, abu ɗaya ya fito. Na zauna ina juya shi a raina, sai na lura lambar da ya ce tana gefen dama ita ya fara zana mini. Na tambaye shi ta wane gefe ya faro. Ya ce ta dama mana, ta ina ake fara karatu?

Na bi takardar daga ƙarshe zuwa farko. Kalmomi biyu suka fito sarai, da lamba ɗaya. Ba a yi minti goma ba aka ɗauke wuta.

Na jawo durowa na kwance zaren takardun nan. Na same su a shafi na shida: kalmomin suna nufin na'urar ta sami kuskure a ma'ajiyar tunaninta, lambar kuma tana nuna a babban allon ciki ne. A ƙasa na rubuta wa kaina cewa in saurari kaset na biyu. Da na koma gida na sa shi a rediyo tun kafin magariba, ina zaune a zaure. Muryar injiniyan ta fito, da kukan wani zakara na ofis a bayanta wanda tuni aka yanka shi. Ya karanta abin da littafi ya ce, wato a kira mai gyara. Sannan ya ƙara nasa. Ya ce ma'ajiyar ƙananan abubuwa ne masu ƙafafu, a jere, kowanne a zaune cikin gurbinsa ba a liƙe ba. Zafi da sanyi, kunnawa da kashewa, sukan sa su riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan har ƙafa ta daina taɓawa sosai. A ƙasa mai zafi irin tamu, in ji shi, kafin a kira kowa a fara danna su.

Da safe bayan mun dawo daga ta'aziyya na nemi izinin buɗe ta. Abin da ya fi damun shugaba wuta ce, kada ta ja ni. Na zare wayar daga bango, na zare ta daga bayan na'urar, na naɗe na damƙa masa a hannu. Ya yi 'yar dariya ya ce to bismilla, amma zai tsaya.

Kusoshi biyar ne a baya. Ina kwancewa ina miƙa wa Baba yana tarawa a hularsa. Wajen neman na ƙarshe hannuna ya bi ta kan ragar da fanka take fitar da iska, sai na ji wani abu mai tauri, dunƙule-dunƙule, ya cike fiye da rabin ragar. Na ƙwanƙwasa da farce na ji ƙasa ce busasshiya. Bayan na'urar yana jingine da bango, ba mai leƙa wurin. Baba ya sunkuya ya duba ya ce gidan zanzaro ne, ba ɗaya ba ma, uku ne a haɗe. Tun da aka fara barin taga a buɗe suke ɗebo laka daga bakin kanal suna gini.

A nan na ji kunyar kaina. Makonni ke nan ina jin ƙarar fankar ta canja, ta koma wani gurnani mai nauyi, na ɗauka tsufa ne. Da na sa hannu a bayanta sau ɗaya da na ji iskar ba ta fita. Kunnena ya faɗa mini tun da wuri, ni ne ban bi ba.

Baba ya ɓamɓare ginin da bakin cokali, muka karkata na'urar don ƙasar ta zubo waje ba ciki ba, ya bi ragar da tsinken tsintsiya. Ya ce har da 'yan tsutsotsin da uwar ta ajiye wa 'ya'yanta. Akwatin wutar kuwa ban buɗe shi ba.

Na zare murfin. Na fara taɓa ƙarfen jikinta kamar yadda aka koya mini, sannan na sa hannu ciki. Na bi gefen allon har na iso inda suke, layi huɗu, tara-tara. Baba ya ce kamar kyankyasai sun yi sahu. Na shafa bayansu da yatsa uku a hankali, yadda nake karatu. Layin farko daidai. Na biyu daidai. A na uku yatsana ya yi tuntuɓe. Biyu daga ciki sun ɗago ta gefe ɗaya, tudun bai fi kaurin farce ba. Mai ido zai iya dubawa sau goma bai lura ba, amma yatsan da ya saba da ɗigon rubutun makafi ba zai wuce shi ba.

Na ɗora babban yatsa na danna a hankali. Ya ce ƙyas, ya zauna. Na biyun ma haka. Na bi sauran duka na danna, wasu huɗu suka ɗan yi ƙara su ma. Shugaba ya matso ya tambaya ko shi ke nan. Na ce ban sani ba tukuna, sai rana ta yi.

Muka rufe, ya ba ni wayar na mayar. Fanka ta tashi da wata ƙara sakayau da na manta tana da ita, iska tana bugun tafin hannuna. Na'urar ta yi ɗan jiranta na kullum, ta yi ƙara ɗaya gajeriya, faifai ya yi gurzarsa, akwatin ya yi magana. Wannan bai nuna komai ba, don kullum da safe lafiya take tashi. Muka janye teburin daga bango kamar taki ɗaya, na zauna na kama jadawalin.

Ban taɓa buɗe agogo sau da yawa kamar wunin nan ba. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce. Biyu ta wuce. Daga biyu zuwa uku kowane harafi na danna sai na ji kamar shi ne na ƙarshe. Baba bai koma bakin ƙofa ba, yana nan a gefena. Aka kira la'asar muryar tana nan tana dagula sunayen ƙauyuka. Na adana aikin, muka tafi masallaci, na bar ta a kunne da gangan. Muka dawo na danna, ta amsa.

Sai da ta yi kwana uku a jere ba ta ɗauke ba na yarda a raina. Jadawalin ya fita kafin Salla. Shugaba bai yi dogon bayani ba, ya dai sa aka buga wa tagogin ragar sauro, aka kawo ƙaramar fankar tebur aka saita ta a bayan na'urar, maganar tafireta kuma ba a sake tayar da ita ba. Mai gyaran nan na Kano da ya sake biyowa ta wajenmu, ya nemi in nuna masa wurin. Na kama yatsansa na ɗora a layi na uku. Ya ce shi kam faifan gwaji ya dogara da shi, kuma da safe ya zo. Ya roƙi in ara masa kaset ɗin biyu ya kwafa, na ba shi, ya dawo mini da su bayan mako biyu.

Daga nan na mayar da shi al'ada. Duk Litinin kafin in kunna sai na shafa ragar baya. Duk farkon zafi sai na buɗe na bi layukan nan huɗu da yatsa.

Ba kowane ciwo nata na iya ba. Bayan shekara guda da wani abu, wata safiya ina kunnawa na ji babban faifan cikinta yana wata ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da tsinke, akwatin kuma bai ce komai ba. Ban ko ɗauko sukundireba ba. Kaset ɗin ya faɗi wannan ƙarar, ya kuma ce in an ji ta a kashe kawai. Na kashe, na je na faɗa wa shugaba cewa wannan na Kano ne. Aikinmu yana kan ƙananan faya-fayai, ba abin da ya ɓata.

Ni aka ce in raka ta. Muka naɗe ta da bargo, na zauna a gaban motar ofis na rungume ta a cinya, don kada ramukan hanya su ƙarasa ta. Lokacin tumatir ne, manyan motoci sun cika titin, direbanmu yana bin su a hankali yana ba ni labarin gonar surukinsa. Wajen hantsi muka shiga gari. Mai gyaran ya karɓe ta ya ce sai an yi odar faifan daga Legas, zai ɗauki kamar wata biyu. Akwatin maganar na cire shi na sa a jakata na dawo da shi Kura, washegari na share tafiretata na sa mata sabon ribin tawada.